Faci na Uku

Yamai, farkon Afrilu 2010

Yaya Illo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, karatu yana tafiya, kuma abincin Wagadugu bai ƙarasa ramar da kai ba, don dama ba wani jikin kirki ka tafi da shi ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ɗaukewar kuran, wutar lantarki ba ta zama. Yayata Kadi tana gaishe ka. An zo daga Gidan Bawa makon jiya, an ce mahaifiyarka Inna Hajara tana nan da ƙafafunta, amma rumbunta ya ƙare tun kafin Maulidi. 'Ya'yan anza na daji suke jiƙawa su ci. Ban so gaya maka ba, amma gara ka ji daga bakina.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon saƙon ordinata. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka tafi da tsohon daraktanmu, ko "ina kwana" ba mai rubutawa a na'urar biro, wato ofishinmu. Sumana direban kar, motar fasinjan Wagadugu, shi ne zai riƙa kawo maka, hannu da hannu. Ka ba shi amsa kafin ya juyo.

Ga abin da ya hana ni sukuni. An turo mana wani kapiten da injiniyansa su binciki rabon hatsin agaji. Ka san aikin babbar na'urar da ka bar mini: wakilan ƙauyuka su aiko da bukatar mutanensu, ita ta haɗa, ta fitar da takardar lodin kamiyo, manyan motocin kaya. To, Shef Adamu, shugaban sashenmu, ya shawo kan kapiten cewa ba a yarda da abin da ke cikinta ba, tunda a zamanin wancan daraktan aka ɗora shi. Wai a share logisiyal ɗin, tsarin da na'urar ke aiki da shi, kaf, a sauko da tushensa sabo daga wurin Turawan da suka rubuta shi, a gina daga farko a gaban injiniyansu, sannan a fitar da lodin da zai tafi kafin damina. Ni aka ce zan gina.

Abin ƙunshi-ƙunshi ne, sun fi arba'in. Na tuna kana cewa ka yi wa wasu faci don su dace da aikinmu. Wanne da wanne? Ko layi ɗaya ba ka bar mini ba, ka zuba komai a wannan ƙaton kan naka ka hau kar. In na gina daga tushe, duk facin da ka yi zai tafi, ni kuwa ban san abin da zai bi shi ba.

Yaya, tsoro nake ji, ba wasa ba. Akwai soja a ƙofar ɗakin na'ura yanzu. Jiya ya kira ni da cikakken sunana, har da na Baba, alhali ban taɓa gaya masa ba.

Taubashiyarka,
Zeinabu

*

Wagadugu, a tasha

Abu,

Lafiya lau nake. Sumana ya riga ya tayar da mota, a kan gwiwata nake rubutu. Kada ki taɓa komai. Kada ki kira ni a waya, kada ki ambaci sunana a biro. Cikakken bayani yana nan tafe zuwansa na gaba. Ki gaida Yaya Kadi.

Illo

*

Yamai, ƙarshen Afrilu 2010

Yaya Illo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, tunda ka damu ƙwarai har ka tambaya.

Layi huɗu! Na zuba maka cikina a takarda, ka aiko mini da layi huɗu, biyu daga ciki a kan sunanka. Madalla. Ka kwantar da hankalinka, ban ambace ka ba, ko a mafarki. Sai ga shi Sumana ya kwanta zazzaɓi, wani direban ya karɓi motarsa, cikakken bayanin naka har yau ban ga ƙeyarsa ba. Kullum na tashi daga aiki sai na biya tasha kamar mai jiran miji, har masu sayar da ruwa sun gane ni.

Da na ga ba ka da niyya, na yi da kaina. Na sauko da tushen Turawa na ajiye gefe, na rubuta ɗan umarni da ke gwada kowane ƙunshi namu da nasu, layi da layi. Wanda aka taɓa sai ya nuna shi, da abin da aka canza, da sunan wanda ya canza, da ranar. Kuran ya yi ta ɗaukewa ina sakewa, amma ya gama. Ƙunshi uku ya nuna.

Na farko naka ne, wanda ke adana aiki in wuta ta tafi. Wannan ko ya ɓace ba mutuwa.

Na biyu ma naka ne. Wakilan ƙauye da tiya suke aiko mana lissafi, don da ita suke awo, ba su san kilo ba. Logisiyal ɗin Turawa kuwa kilo kawai ya sani. Facinka ne ke mayar da kowace tiya kilo biyu da rabi. In aka gina babu shi, ƙauyen da ya nemi tiya dubu za a loda masa kilo dubu, ko rabin abincinsa bai kai ba. Kuma ba wanda zai lura, Yaya, don dubu aka aiko, dubu ta fito a takarda. Sai an sauke buhuna a ƙauye za a gane.

Na uku ba sunanka a kai. Sunana ne.

Wallahi tallahi ban taɓa ganinsa ba. Abin da yake yi, a duk buhu ɗari da mangaza, ma'ajiyar hatsi, ta fitar, takardar da za ta bi kamiyo sai ta ce casa'in da bakwai, kuma jimla ta daidaita kanta yadda ba mai gani. Tun bara yake wannan aikin. Na duba ranar da aka sa shi, ta faɗa cikin makon da na tafi Gidan Bawa rasuwar Baba. Ka tuna da zan tafi Shef Adamu ya ce in bar masa kod ɗina na shiga na'ura ko wani abu ya taso? Mutumin da ya yi karatun lakwal tare da Baba, shi ya sa baki aka ɗauke ni aiki, ya zo har gida ya yi mana gaisuwa da hawayensa. Ka gaya mini da wane baki zan ce masa a'a. Duk biron nan ba wanda babba zai nemi kod ɗinsa ya hana.

Yanzu na gane abin da ya sa ya matsa a wanke komai. Kullum sai ya leƙo ya ce, "'Yata, yaushe za mu gina? Kapiten yana jira." Ni kuma in durƙusa in ce, "Ana shiri, Baba."

Ka ga inda nake. In na yi shiru na gina, facin sata ya goge har da sunana, na tsira, ƙauyuka su sami ƙasa da rabi. In na nuna, sunana ne a kan satar hatsi, a shekarar yunwa, a gaban soja. Yaya Kadi ta ce na daina cin abinci. Gaskiya ta faɗa.

In ka ga dama ka amsa. In sunanka ya fi, to Allah ya bar maka shi.

Zeinabu

*

Wagadugu, Mayu 2010

Ƙanwata Abu,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Kadi da yara. Allah ya ƙara wa Sumana lafiya, na gan shi ya rame kamar ni. Jikina lafiya, amma tun da na karanta takardarki ban shiga aji da hankalina ba.

Haba Abu! Ni ne zan sayar da ke don sunana? Da na ce kada ki taɓa komai, nufina kada ki yarda a gina kafin in gaya miki zancen tiya. Da na ce kada ki ambace ni, don ke na faɗa. Ba su san mu 'yan uwa ne ba, tunda kakanni muka haɗa, sunan mahaifi kowa da nasa. In suka sani, cewa za su yi dangi ne suka gaji ɗakin na'ura suna juya shi. Na rubuta miki duk wannan dalla-dalla washegari, takardar ta yi ta yawo a aljihuna ina jiran mutumin da ke kwance. Masifarki dai tana nan yadda na bar ta, ko wannan ya sa na san kina da sauran ƙarfi.

Faci biyu na yi, biyu tak. Tsohon darakta ne ya ce in yi, da baki, a tsaye a bakin ƙofa, kamar yadda ake komai a wurin nan. Shi kaɗai zai shaide ni, ga shi yana hannu. Don haka ni ma in aka ga sunana, a wurinsu mai taɓa na'urar gwamnati ne ba izini.

Na ukun kuwa, da na karanta sai na tuna wani abu. A makon da kika tafi, Shef ya zo ya ja kujera ya zauna kusa da ni, ya ce in nuna masa yadda ake faci, wai tsufa ba ya hana koyo. Har daɗi na ji. Na nuna masa tiryan-tiryan, ya sa mini albarka.

Yanzu ki saurare ni, don Allah. Hanya biyu na gani. Ko ki gaya wa injiniyansu zancen tiya kawai, da baki, ki roƙi a mayar da wannan facin shi kaɗai. Ko kuma ki yi shiru ki gina yadda suke so, in ƙura ta lafa ki gyara a hankali, a bi ƙauyuka da ciko. Kada ki nuna musu allon nan mai suna uku. Na san mutanen da aka tafi da su a kan abin da bai kai wannan ba, har yau iyalansu suna kai abinci ƙofar bariki ana karɓa ba a ce musu komai.

Uwata ce a Gidan Bawa, na sani. Ina rubuta wannan ina jin kamar na ci amanarta. Amma ita da kanta in aka tambaye ta ba za ta yarda a kai ki gidan kaso saboda tuwonta ba. Zan nemi abin da zan aika mata ta hannun masu zuwa Tawa. Ke dai ki tsira.

Ki ci abinci, ko kunu ne.

Yayanki,
Illo

*

Yamai, Mayu 2010, safiyar Laraba

Yaya,

Takardarka ta iso, na gode, kuma ka yafe mini baƙar maganar da na yi maka. Rabinta dai, sauran rabin ka ci bashinta tun muna yara. Muna lafiya. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, jiya har an yi yayyafi a unguwar Kalley.

Na juya shawararka ta kowace fuska, ba ta tsaya ba. Ta farko na gwada ta. Na ce wa injiniyan, cikin hira, in da akwai gyaran da aikinmu ke bukata fa? Yaro ne mai hankali, ba ya ɗaga murya. Ya ce ba zai karɓi faci ko ɗaya da baki ba, in za a mayar da wani sai ya gwada dukkan ƙunshin da tushe da hannunsa ya ga me da me aka taɓa. Ka ga kenan allon nan zai fito, ko ni na buɗe shi ko shi. Shef kuma ya riga ya faɗa a taro cewa duk wanda ya nemi a bar wani faci, to shi ke ci da shi.

Ta biyu kuwa, Yaya, kai ma ka san ba gaskiya ba ce, tausayina ne ya sa ka rubuta. Gobe Alhamis za a gina, a ranar za a buga takardun lodi, kamiyoyi suna jere tun daga mangaza har bakin titi. In ruwa ya sauka, wace mota ce za ta sake ratsa ƙoramar nan ta kai ciko Gidan Bawa? Sai kaka. Kuma ba Inna Hajara kaɗai ba ce. Aika mata da za ka yi, sauran ƙauyukan wa zai aika musu?

Ba jarumta ba ce, kada ka ɗauka haka. Na zauna na gwada yin shirun a raina, na ga kaina ina danna maɓalli ina murmushi, Shef yana sa mini albarka, kamiyo yana fita da rabin kaya. Na ga zan iya yi. Abin da ban ga zan iya ba shi ne in je gida da Sallah in ci tuwo a kwanon mutanen nan.

Na sa umarnin nawa a gaban ginin, yadda ba za a fara ba sai allon ya nuna ƙunshin da aka taɓa tukuna. Sunanka zai fito sau biyu, ba yadda zan yi, in na goge shi na zama abin da za su ce ni ce. Saboda haka kada ka zo hutun nan. Ka zauna inda kake har a ga yadda ta kaya.

Na biya kasuwar Katako na sayi tiya ɗaya ta hatsi, zan tafi da ita da sikelin Yaya Kadi na kanti, don kada a ce lissafin takarda ne. Na kuma haɗa 'yar jaka, zane biyu da abin salla, na ajiye bayan ƙofa. Yaya Kadi ta gani, sai ta ƙara sabulu a ciki.

Ka yi mini addu'a.

Abu

*

Yamai, Yuni 2010

Illo,

Ni ce Kadi, yayar Zeinabu. Ina gaishe ka. Rubutuna ba kyau, ka yi haƙuri, rabona da alƙalami tun ina lakwal. Yara lafiya. Ni dai ga ni nan.

Sun riƙe ta. Tun ranar Alhamis ɗin ba ta kwana gida ba. Na so in sanar da kai da wuri, amma ta hana a kira ka a waya, Sumana kuma sai yanzu layinsa ya zagayo.

Abin da ya faru, mai share biron ce ta ba ni labari, tana wurin. Ta ce da aka taru, Zeinabu ta danna abin, sai rubutu ya fito ya tsaya. Shef ya ce a wuce wannan, ɓata lokaci ne. Ita kuma ta ce, "Ranka ya daɗe kapiten, kafin a gina ina so ka ga abin da za a zubar." Ta ɗora tiyar hatsin a sikeli. Kapiten ya ce ba sai ta auna ba, shi ma ɗan ƙauye ne, uwarsa da tiya take awo. Ya sa injiniya ya mayar da facinka biyu nan take. Da aka zo na uku, ta karanta musu abin da yake yi da bakinta, har da sunanta. Kapiten ya tambaye ta ko ta san abin da ta faɗa, ta ce ta sani. Ta gaya musu tana ƙauye a ranar, kuma ga wanda ta bar wa kod. Shef ya fashe da kuka, ya ce yarinyar da ya riƙa kamar 'yarsa ce yau take masa sharri.

Kamiyoyi sun tafi da kaya cikakku. An aiko daga Gidan Bawa, hatsi ya isa kafin ruwa ya tare hanya, Inna Hajara ta samu rabonta. Na gaya wa Zeinabu ta tagar da ake ba su abinci, ta yi dariya, sannan ta yi kuka.

Ba su dake ta ba, alhamdu lillahi, amma ta zube, idanunta duk sun faɗa. Shef yana gidansa, an ce kada ya bar gari. Maganarsa ɗaya, wai ko tana ƙauye za ta iya zuwa Tawa ta shiga na'urar daga nesa. Ita ta ce na'urar ba ta da hanyar shiga daga waje a lokacin. Injiniya ya ce shi bai ga yadda take a bara ba, sai wanda ya kafa ta ne zai iya faɗa. Mutanenmu da suka ce za su shaida tana wurin makoki, an ce dangi ne. Makon gobe za a miƙa takardunta gaba, in an miƙa kuma sai yadda Allah ya yi.

Kapiten ya tambayi wane ne Illo. Ya rubuta sunanka a takarda, na gani da idona. Zeinabu ta ce in rantsar da kai kada ka zo. To na faɗa, na sauke. Ni ban ce ka zo ba, ban ce kada ka zo ba. Ƙanwata ce kawai nake so ta dawo.

Kadi

*

Wagadugu, Yuni 2010

Yaya Kadi,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ɗawainiya. Allah ya saka miki.

Na'urar nan ni na kafa ta, ni na ja wayoyinta, kuma ban taɓa buɗe mata ƙofa zuwa waje ba. Duk wanda ya sa wannan facin, a cikin biro ya zauna ya sa shi. Na san kuma wanda ya ja kujera ya koyi yadda ake yi a makon. Wannan ba maganar da za a aika a takarda ba ce, sai an ga fuskar mai faɗa, a tambaye shi ya amsa.

Na gaya wa malamaina uwata ba lafiya. Jarrabawa sai wata shekara in da rabo. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗaure jaka na kwance ya fi a ƙirga. Ban san ko za su saurare ni ba, ko kuwa ɗaki za su buɗe mini kusa da nata.

Wannan takarda da ni mota ɗaya muka shigo. Na ba Sumana ita ya sa a aljihunsa saboda shingen kan iyaka, tunda sunana yana hannunsu. In kin ga ni na miƙo miki ita, ki yaga, ki ɗora mini ruwan wanka, da safe ki raka ni wurin kapiten. In kuwa Sumana ne ya kawo shi kaɗai, to sun riga sun sauke ni a hanya, kuma duk ɗaya ne, wurinsa za su kai ni.

Ki gaya wa Abu na ji rantsuwarta, ban ɗauka ba. In ta fito ta yi mini masifar.

Ƙaninki,
Illo